Hotunana na fitowa dishi-dishi a cikin ɗaki: wane tsari zan sa kyamara, kuma yaya ake saita ISO na atomatik?

Tambaya: Ina da kyamara mai ƙaramar sensa, irin wadda ake cire wa lens, da lens biyu masu zum: mai tsawon milimita 18-55 da mai 70-300. Kullum a P nake ɗauka, tsarin da kyamara ke zaɓen saiti da kanta. A waje da rana hotuna lafiya lau, amma a cikin ɗaki ko da yamma sai su fito dishi-dishi, musamman idan yara ne. Na kunna ISO na atomatik, na tsayar da iyakarsa a 800 don gudun yashi-yashin da ke fitowa a hoto. Da na koma M kuma, tsarin saiti da hannu, wani hoton ya yi duhu, wani haske ya cinye shi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kuskuren yana cikin wannan 800 da ka ɗaure ISO a kai. Ba hannunka ba ne, ba kuma lens ɗin ba ne. Ka rufe wa kyamarar ƙofa ɗaya, sai ta bi ta wata ƙofar da ta fi ɓarna.

Abu uku ne ke haɗuwa su ba da hasken hoto. Akwai buɗin lens, wanda ake rubutawa da f: f/2.8 kafa ce mai faɗi, f/16 'yar tsukukuwa ce. Akwai ƙiftawa, wato tsawon lokacin da labulen kyamara ke buɗewa haske ya sauka kan sensa: 1/30 na daƙiƙa, 1/250, 1/1000. Sai ISO. Biyun farko ne kaɗai ke tara haske. ISO ba ya ƙara ko ɗigon haske a kan sensa, abin da aka riga aka tara yake ƙara wa ƙarfi don hoton ya fito da hasken da ido ke so. Dukansu da mataki ake auna su, kuma kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. Daga 1/60 zuwa 1/125 an rage rabin haske. Daga f/5.6 zuwa f/4 an ninka shi. Daga ISO 800 zuwa 1600 an ninka hasken da hoton zai nuna.

To ga lissafin ɗakinka. Lens ɗin 18-55 da aka saba haɗowa da kyamara, idan ka ja shi zuwa 55, iyakar buɗinsa f/5.6. A ce a hasken fitilar ɗakin, kyamara ta buɗe shi iyaka, ta kai ISO 800, har yanzu haske bai isa ba. Abin da ya rage mata shi ne ta rage saurin ƙiftawa, sai ta sauka zuwa 1/30. A 1/30 yaron da ya juya kai kawai ya isa ya goge fuskarsa a hoto. Don ka tsayar da shi kana buƙatar 1/250, wato mataki uku sama: 1/60, 1/125, 1/250. Mataki ukun nan dole a biya su daga wani wuri, kuma tunda lens ya ƙure, ISO ne zai biya: 1600, 3200, 6400. Hoton da ya dace da wannan ɗakin shi ne f/5.6, 1/250, ISO 6400, kai kuwa ka haramta wa kyamarar zuwa can.

Za ka ce ai 6400 yana da yashi-yashi. Yana da shi, amma ka gane daga ina yashin yake zuwa. Ƙarancin hasken da ya shiga ne ke kawo shi, ISO bayyana shi kawai yake yi. Idan ka ɗauki wannan hoton a 1/250 da ISO 800, ya fito duhu, ka je kwamfuta ka ɗaga haskensa mataki uku, ba zai fi na 6400 tsabta ba, a tsofaffin kyamarori ma ya fi muni, inuwoyi su cika da ɗige-ɗigen launi da layuka. Sannan manhajojin gyaran hoto na yanzu suna wanke yashi sosai, musamman idan a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Fuskar da motsi ya goge kuwa babu manhajar da za ta dawo da ita yadda take. Shi ya sa duk lokacin da zaɓi ya zama tsakanin yashi da dishi-dishi, yashi ake ɗauka.

Saiti biyu na ISO na atomatik

A cikin menu, ƙarƙashin ISO na atomatik, akwai abu biyu: iyakar ISO ta sama, da mafi ƙarancin saurin ƙiftawa. Mutane suna taɓa na farko su manta da na biyu, alhali na biyun ne ke riƙe da kaifin hoto.

Iyakar sama: a kyamara mai ƙaramar sensa irin taka, ka fara da 6400. Mai cikakkiyar sensa, wato babba, tana ɗaukar 12800 ba tare da damuwa ba. Kada ka tsaya kan lambar wani, ka gwada taka. Ka samu wuri mai ƙarancin haske, ka ɗauki abu ɗaya mai gashi ko saƙa a 800, 1600, 3200, 6400 da 12800, kana ƙara saurin ƙiftawa mataki ɗaya a kowane hoto. Sai ka duba su a girman da kake amfani da hotunanka, ko allon waya ne ko bugu a takarda, ba wai ka zuƙo su ɗari bisa ɗari kana ƙirga ɗige ba. Inda launi ya fara koɗewa, gashi ya fara komawa kamar an shafa man fenti, nan ne iyakar kyamararka. Ka sa iyakar a nan, ba mataki biyu ƙasa ba.

Mafi ƙarancin saurin ƙiftawa kuwa umarni ne da kake ba kyamara: kada ki sauka ƙasa da wannan saurin, idan haske ya gaza ki ɗaga ISO. A tsarin P da tsarin A (wanda kai ke zaɓen buɗi) kaɗai yake aiki, tunda a nan ne kyamarar ke zaɓen ƙiftawa da kanta. Daga masana'anta yakan zo a kan atomatik, kuma a nan wani tarko yake. Atomatik ɗin tsawon lens yake dubawa, yana bin tsohuwar ƙa'idar nan ta ɗaya bisa tsawon lens: lens mai milimita 50 a riƙe shi a 1/50, mai 200 a 1/200. A ƙaramar sensa ana ninka tsawon da 1.5, ko 1.6 a Canon, don haka 300 ɗinka kamar 450 ne, yana neman 1/500. Ƙa'idar rawar hannu kaɗai take magancewa. Idan kana a milimita 18, za ta ba ka wajen 1/30 ta ɗauka ta gama aiki, ba ta san cewa mutumin da ke gabanka yana magana yana kaɗa hannu ba. Haka ma na'urar hana girgiza da ke cikin lens ko jikin kyamara, wadda Nikon ke kira VR, Canon ke kira IS: tana iya ba ka damar riƙe 1/15 gini ya fito tangaran, amma ba ta tsayar da abin da ke motsi ko kaɗan.

Saboda haka sauri biyu za ka riƙa tunani a kai, na hannunka da na abin da kake ɗauka, ka zaɓi wanda ya fi girma a cikinsu. Mutum a zaune yana kallonka, 1/125. Mutane na hira ko tafiya, 1/250. Yara na wasa, 1/500. Gudu, ƙwallo, keke, 1/1000. Tsuntsu a sama, 1/2000, ƙananan tsuntsaye masu saurin fuffuke har fiye. Abin da ke gilmawa ta gabanka daga hagu zuwa dama ya fi neman sauri kan wanda ke tahowa wajenka, na kusa kuma ya fi na nesa. Wasu kyamarorin suna barin ka tura atomatik ɗin zuwa "sauri" da mataki ɗaya ko biyu, sai ya ci gaba da bin zum amma da rara. Wannan yana da amfani ƙwarai a kan 70-300. A kan 18-55 kuwa, idan mutane kake ɗauka, ka sa lamba da hannu: 1/250.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ka zaci kyamarar ta lalace: wannan mafi ƙarancin saurin ba alkawari ba ne. Idan ISO ya kai iyakar da ka sa kuma haske bai isa ba, yawancin kyamarori suna karya umarnin su sauka ƙasa da 1/250 don hoton ya yi haske. Wato da ka sa 1/250 ka bar iyaka a 800, da ba abin da zai canza. Saitin biyu tare suke tafiya.

Idan Nikon ce a hannunka, ka kula da lambar ISO da ka zaɓa da hannu kafin ka kunna atomatik, domin daga nan take farawa. Ka bar ta a 1600, ka fita rana a tsarin A, za ta zauna a 1600 tana ta ƙara saurin ƙiftawa ba gaira ba dalili. Ka mayar da ita 100 tukuna.

Wane harafi a kan madannin tsari

P ba laifi ba ne. Kyamara ce ke zaɓen buɗi da ƙiftawa, kai kuma kana iya murza ƙafar saiti ka karkatar da zaɓin. Matsalarsa ita ce ba ka san buɗin da za ta ba ka ba daga hoto zuwa hoto.

A, wanda Canon ke rubutawa Av, shi nake ba ka shawarar ka zauna a kai a mafi yawan aikinka. Kai ne ke zaɓen buɗi, buɗi kuwa shi ke yanke yawan abin da zai fito tangaran daga gaba zuwa baya. Mutum ɗaya, ka buɗe iyaka bayansa ya narke. Mutane sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8. Fili da gine-gine, f/8 zuwa f/11. Kada ka wuce f/11 a ƙaramar sensa sai da dalili, domin idan kafar ta yi ƙanƙanta da yawa hasken da ke ratsa ta yana bazuwa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Kyawun A tare da ISO na atomatik shi ne yadda yake bin haske hawa da sauka. A ɗaki zai tsaya a 1/250 yana ɗaga ISO. Ka fito rana, zai fara sauke ISO har 100, sannan ya ƙara saurin ƙiftawa zuwa 1/1000 ko 1/2000. Ba ka taɓa komai ba, kuma hoto bai ƙone ba.

S, ko Tv a Canon, kai ke zaɓen ƙiftawa. Yana da amfani idan kana son motsi ya nuna da gangan, kamar ruwa mai gudu ko bin mota da kyamara a 1/30 don bayanta ya ja layi. Amma a ƙarancin haske buɗe lens iyaka yake yi kafin ya taɓa ISO, don haka ba ka da iko da zurfin hoton. Da rana kuma, idan ka zaɓi ƙiftawa mai jinkiri, zai tsuke lens har f/22, hoton ya yi laushi, duk ƙurar da ke kan sensa ta fito ɗige-ɗige a sararin sama.

Sai M tare da ISO na atomatik, wanda masu ɗaukar wasanni da namun daji suka fi so. Ka zaɓi ƙiftawa, ka zaɓi buɗi, kyamara ta daidaita haske da ISO kaɗai. Pentax ma ta ba wannan tsarin harafinsa na kansa, TAv. Amfaninsa shi ne komai yana ƙarƙashin yatsunka: tsuntsu na zaune a reshe kana 1/500, ya tashi ka murza zuwa 1/2000 ba tare da shiga menu ba. A kan 70-300 ɗinka wannan ne tsarin da ya dace: 1/1000, f/5.6 ko f/8 idan haske ya wadata, ISO ya yi yawonsa.

Sai dai M yana da bango biyu, kuma ina kyautata zaton su ka yi karo da su. Idan ISO ya kai iyakar sama, babu wani abin da kyamarar ke da izinin taɓawa, sai hoto ya yi duhu. Da iyakar 800 kuwa, wannan zai faru da zarar ka shiga inuwa. Idan kuma ISO ya sauka ƙasa iyaka, haske ya cinye hoton. A rana tsaka mai ƙarfi, hasken da ya dace a ISO 100 shi ne wajen f/16 da 1/125, wanda ya yi daidai da f/5.6 da 1/1000. Ka fito daga ɗaki da f/5.6 da 1/250, ka wuce da mataki biyu, kuma ISO ba shi da wurin sauka. Don haka a M idonka ya zauna kan lambar ISO a cikin madubin leƙe. Ka ga ta manne a 100, ko tana ƙyafƙyafta, ka ƙara sauri. Ka ga ta manne a iyakar sama, ka buɗe lens ko ka rage sauri gwargwadon abin da motsin zai ɗauka. Idan kana yawan shiga da fita tsakanin rana da ɗaki, A ya fi M aminci.

Lokacin da ma'aunin haske ya ruɗe

Duk waɗannan tsare-tsaren, har da M mai ISO na atomatik, ma'aunin hasken kyamara suke bi, shi kuwa komai ya gani ƙoƙari yake ya mayar da shi matsakaicin toka-toka. Ka cika hoto da farin bango ko fararen tufafi, zai rage haske farin ya koma toka, fuskoki su yi duhu. Ka cika shi da baƙin labule ko dare, zai ƙara haske baƙin ya koɗe, fuskar da fitila ta haska ta ƙone. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-. Wuri mai yawan fari, ko mutum da taga a bayansa, +1, wani lokaci har +2. Wuri mai yawan duhu da abu ɗaya mai haske, -1. A M mai ISO na atomatik wannan gyaran ISO yake motsawa, kodayake wasu tsofaffin kyamarorin Canon ba sa barin a yi shi a wannan tsarin, sai dai a koma Av.

Kada ka yanke hukunci da hasken allon baya. Cikin duhu allo yana sa hoto mai duhu ya yi kamar daidai, cikin rana kuma akasin haka. Ka kunna jadawalin haske, wato histogiram, da gargaɗin da ke sa wuraren da suka ƙone ƙyafƙyaftawa. Idan tudun jadawalin ya jingina da bangon dama, ko goshi da kumatu na ƙyafƙyafta, ka rage kashi ɗaya ko biyu bisa uku na mataki. Wannan ya fi muhimmanci a babban ISO, domin duk matakin da ISO ya hau, rarar da sensa ke da ita a ɓangaren haske tana raguwa, fitilu da fararen abubuwa su ƙone da wuri. Kuma ka riƙa mayar da gyaran sifili idan ka gama. Yana zama inda ka bar shi ko da ka kashe kyamarar, kuma +2 da aka manta da shi ya isa ya lalata aikin wuni guda.

Salon awon hasken ka bar shi a wanda ke duba dukan hoton. Awon ɗigo ɗaya yana da kyau a hannun wanda ke kulle haske kafin ya ɗauka, amma idan aka haɗa shi da ISO na atomatik sai haske ya riƙa tsalle daga hoto zuwa hoto, gwargwadon ko ɗigon ya sauka kan riga ko kan fuska.

Akwai wuraren da za ka kashe ISO na atomatik gaba ɗaya. Idan ka ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, kana ɗaukar abin da ba ya motsi, ka sa ISO 100 ka bar ƙiftawa ta yi tsawon da take so, in ba haka ba kyamarar za ta hau 6400 don kare 1/250 da ba ka buƙata. Da filasha ma ka tsayar da ISO da hannu, 400 ko 800 a ɗaki, ƙiftawa kuma kada ta wuce saurin da ke tafiya da filasha, wanda yawanci 1/200 ne ko 1/250. Haka idan kana ɗaukar hotuna a jere da za a ɗinke su zama ɗaya mai faɗi, ko kaya iri-iri a haske ɗaya da ba ya canzawa: M zalla, komai a kulle.

Wata matsalar ɗaki da ake ɗora wa saiti alhali fitila ce: wasu fitilun LED da na dogon bututu suna ƙyafƙyafta sau 100 a daƙiƙa inda wutar lantarki take zagaye 50 a daƙiƙa, sau 120 inda take 60. A 1/250 ko sama, wani hoton zai fi wani haske ko ya canza launi, kuma idan labulen lantarki mara sauti kake amfani da shi za ka ga ratsi-ratsi a kwance. Ka koma labulen ƙarfe, ka kunna saitin hana ƙyafƙyaftawa idan kyamararka na da shi, ko ka sauka 1/100 ko 1/125 idan mutanen ba sa motsi sosai.

Idan bayan duk wannan wani hoto ya sake fitowa dishi-dishi, ka zuƙo shi ka karanta alamar kafin ka taɓa saiti. Komai ya ja gefe ɗaya, gefunan abubuwa sun zama biyu-biyu: rawar hannu ce, ƙara sauri. Bango tangaran, hannu da fuska sun goge: motsin mutum ne, ƙara sauri. Fuska laushi amma kujerar bayansa tangaran: saitin ido ne, wato focus, ya kauce, ba ruwan ƙiftawa, ka koma saitin da ke bin abu mai motsi, AF-C ko Servo. Babu inda ya yi kaifi, fata kamar kakin zuma: wankin yashin da kyamara ke yi wa JPEG ne ya yi yawa, ka rage shi zuwa ƙasa. Kowane hoto yana ɗauke da lambobin da aka ɗauke shi da su, ka danna maɓallin bayani ka gani.

Idan kuma ka ga kullum a ɗaki ISO na manne a 6400, saiti ya yi iyakar abin da zai iya, saura haske. Ka juya mutum ya fuskanci taga, ko ka samu lens mara zum mai buɗin f/1.8, 35 ko 50. Daga f/5.6 zuwa f/2, wanda wannan lens ɗin ke iya bayarwa, mataki uku ne, wato hoton nan na 6400 zai dawo ISO 800 a 1/250, sai dai zurfin abin da zai fito tangaran zai ragu sosai, dole saitin ya sauka kan idon da ya fi kusa da kai.

Idan madannin kyamararka na da wuraren ajiye saiti, C1 da C2 ko U1 da U2, ka ajiye biyu. Na farko don 18-55: A, f/5.6, mafi ƙarancin sauri 1/250, ISO daga 100 zuwa 6400, gyaran haske sifili. Na biyu don 70-300: M, 1/1000, f/5.6, ISO na atomatik da iyaka ɗaya, saitin ido mai bin motsi. Duk canjin da ka yi a tsakiyar aiki, da ka murza madannin ka dawo, yawanci saitin da ka ajiye ne zai dawo, har da gyaran hasken da ka manta ka mayar.